Kamyon Garbai Sofer

Sana'ata hoto. Ina da ƴar rumfa daura da tashar Gure, inda nake ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa da na ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, in kuma gyara tsofaffin hotunan da gara ta fara ci. A wannan aiki na gane cewa babu gidan da ba shi da kaka gwarzo. Duk hoton da aka kawo mini, mai shi ko dai shi ya fara wani abu a garin nan, ko kuwa saura ƙiris ya fara aka yi masa hassada. Ni ba ruwana. In sa a kwamfuta, in goge tabo, in miƙa wa mai shi.

Wata Talata Mamadu direba ya shigo mini da wani hoto naɗe cikin tsohon kalanda. Sandikan direbobi, wato ƙungiyarsu, sun gama ginin sabon ofishinsu, kuma sun yanke cewa za a rataye hoton direban farko ɗan ƙasar Gure a bangon zauren. Wannan ba abin gardama ba ne, ko yaron da aka yaye jiya ya san Garbai Sofer ne, mahaifin Mamadu. Abin da ya rage, shugaban sandika ya ce a rubuta irin motar da shekarar a ƙarƙashin hoton, don kada baƙi su zo su yi tambaya a rasa amsa.

Labarin Garbai gajere ne, shi ya sa ya daɗe. Makiyayi ne daga wajen Bune. Zamanin Faransa sojoji suka ɗauke shi wata uku, aka gan shi ya shigo garinsu da wani ƙaton kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, ƙauye ya watse, tun daga ranar sunansa ya zama Sofer, wato direba. Bayan haka ya koma wa raƙumansa, har ya bar duniya ba wanda ya sake ganinsa da mota. Mutane suka ce ai dole, wanda ya tuƙa irin waccan ba zai ɓata hannunsa da ƙananan motoci ba. Mutanenmu ba su taɓa rasa dalilin da za su ba wanda suke so ba.

Na buɗe kalandan. Saurayi ne dogo da rawani, tsaye a gaban mota, riƙe da sanda. Motar ta fi shi fitowa, don mai ɗaukar hoton ita ya nufa, Garbai kawai ya samu shiga.

Na ce, "Gogewa zan iya, Mamadu. Sunan mota kuwa sai Sarjan Abarshi."

Ya ce, "Na sani. Jibi da hantsi mu tafi tare, ka ɗauko na'urarka."

Washegari yayarsa ta zo ita kaɗai. Madam Salima ta koyar da rabin garin nan karatu kafin ta ajiye aiki, har da ni, kuma har yau in ta shigo wuri sai in ji ina gyara zama. Ta ƙi kujera. Ta ce in nuna mata hoton a kwamfuta, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Haruna, in za ku wurin Sarjan, da ni za a je."

"To, Madam. Ai Mamadu ya ce..."

"Mamadu shekararsa huɗu lokacin. Ni tara gare ni."

Ban tambaye ta wane lokaci ba, ita ta faɗa, a tsaye, kamar tana karanta wa aji darasi. Suna ƙauye wajen Bune haihuwa ta zo wa mahaifiyarsu da gardama. Ranar kasuwa ce, da rana tsaka. Akwai wata ƙaramar mota ta masu allurar shanu ajiye a ƙofar gidan maigari, direbanta da likitan dabbobin sun hau dawaki sun shiga rugage, sai bayan kwana biyu za su dawo. Maigari da kansa ya kawo wa Garbai makullin. Garbai bai tuƙa ba. A amalanken shanu aka ɗora mahaifiyar tasu, kuma ba ta kai Gure ba, a wani kwari mai dabino ta cika.

Ta ce, "Na ce tsoron kayan gwamnati ya hana shi. Na riƙe wannan shekara talatin da ɗaya yana raye. Na yi masa tuwo, na wanke masa tufa, amma ban ƙara yi masa dariya ba. Da zai rasu ya ce in yafe masa, na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Kowa ya san wannan ba amsa ba ce. Ita ma ta sani.

Ta ce, "Da Mamadu ya buɗe akwatin Aba yana neman hoton nan, na bi takardunsa ɗaya bayan ɗaya. Akwai katin zaɓe, akwai takardar allurar raƙuma, har takardar shigata lakwal ya ajiye. Babu farmi. Mutumin da bai yar da komai ba, ina takardar tuƙinsa? Ina so in san ko ya iya. In ya iya, abin da na riƙe daidai ne. In bai iya ba kuwa..."

Nan ta tsaya, ta gyara mayafi ta fita. Na ji tausayinta, don ko ta wace ƙofa amsar ta shigo sai ta taka ta.

Sarjan Abarshi ya kusa tamanin. Ya yi shekara talatin yana makanikanci a garajin soja na Damagaram, ya dawo gida da gurguwar yatsa ɗaya da akwatin ƙarfe cike da hotunan motoci. Mutane ba su dame shi ba. In ka nuna masa hoton aurenka, motar da ta kai amarya zai duba, ya gaya maka a ina take ɗigar mai. Yanzu har daga nesa ana aiko masa da hotuna ta waya, jikarsa ta nuna masa, ya faɗi suna da shekara, ya ƙara da zagin wanda ya yi wa motar fenti. Ba ya aiki sai da hantsi, don idonsa ya fara gajiya.

Mun same shi a ƙofar gida kan tabarma, ya jingina da bango. Aka gaisa, ya tambayi Madam gida, ya tambayi Mamadu hanyar Diffa. Sannan ya miƙo hannu, na ba shi hoton.

Abin da ya fara yi shi ne ɗora gidan ashana a kan Garbai, ya rufe shi ruf.

Mamadu ya ce, "Baba Sarjan, ai mahaifinmu ne ka rufe."

"Na san shi, Allah ya ji ƙansa. Mutum yana hana ni gani."

Ya ciro wani gilashi da ya cire daga tsohon madubin hangen nesa na soja, ya goge da bakin riga, ya sunkuya. Daga ƙafar mota yake farawa kullum. Ya ƙirga ƙusoshin ƙafar gaba a bayyane, ya sake ƙirgawa. Ya hau ya ƙirga layukan ƙarfen hancin motar. Ya ambaci wata iri, ya girgiza kai da kansa, ya ce waccan gilashin gabanta biyu ne, wannan uku. Ya ambaci wata, ya ce a'a, ƙofar waccan gaba take buɗewa, wannan ga maɗaurinta a baya. Haka ya riƙa kira yana kora har iri biyar. Mamadu ya fara duba agogo. Madam tana zaune a kan kujerar da aka kawo mata, hannuwanta a kan jaka, ba ta motsa ba.

Can Sarjan ya ce, "Motar nan ba ta yi kama da kanta ba."

Na ce, "Kamar yaya, Sarjan?"

"Kamar rigar da tela uku suka ɗinka. Dubi kan ƙusoshin jikin nan, wani kusa wani nesa. Inji ba ya yin haka, hannu ne. Fitilun na wata mota ne aka aro. Gilashin ma aro ne, ga inda aka cike gefensa da ƙarfe. Sannan ina tambarin masu ita? Babu. Sai lamba da aka shafa da fenti a ƙofa. Kai mai na'ura, ƙara mini girman nan wurin."

Ya nuna saman ƙarfen da ya rufe ƙafar gaba ta dama, daidai bayan kafaɗar Garbai, inda ni na ɗauka tabo ne har na kusa gogewa. Na buɗe kwamfuta na ja wurin har ya cika fuskarta. Ba tabo ba ne. Wani faranti ne na ƙarfe, faɗinsa bai fi na faifai ba, an liƙa shi da walda. Gefensa akwai lanƙwasasshen ƙarfe na riƙewa, ƙasa kuma wani ɗan mataki.

Sarjan ya ƙura wa farantin ido. Sai ya ƙwala wa jikarsa kira ta jawo masa akwatin. Ya daɗe yana tono, yana ajiye ɗaure-ɗauren hotuna a gefe, kowane an ɗaure shi da robar taya, har ya fito da wata ambulan da ta koma ruwan ƙasa.

Ya ce, "Maigidana a garaji, marigayi Isa, shi ya bar mini wannan. Yana saurayi ya yi aikin shafa wa motocin nan man giris. Uku ne. Masu ƙera su suka kawo su kafin ƴancin kai da shekara biyu ko uku, don a gwada su cikin rairayinmu a ga ko soja za su saya. Motar gwaji ke nan. Ana yin ta ne a wahalshe ta, a rubuta abin da ya karye, a koma a gyara, sannan a yi ta gaske. Wadda aka yi daga baya na kwance ta na ɗaure ya fi sau ɗari, ba ta da wannan kujerar. Ukun nan kaɗai ke da ita."

Mamadu ya washe baki. "Ka ji ko, Yaya? Uku kacal a duniya, Aba ya tuƙa ɗaya. To Baba Sarjan, me sunanta?"

"Ba ta da suna. Ba a raɗa mata ba. Lamba ce kawai, ga ta nan, biyu."

Ya ajiye nasa hoton kusa da namu. Motar ce dai, da lambarta biyu a ƙofa, amma a nan tana kan tafiya, tana gangarowa daga wani tudun rairayi. A kan farantin nan na gaba wani mai rawani yana zaune, hannu ɗaya a ƙarfen riƙewa, ɗayan ya miƙa sanda yana nuna hagu. Ta cikin gilashi ana ganin Bature da ƴar hula, hannuwansa biyu a kan sitiyari.

Madam ta miƙo hannu. Ya ba ta hoton da gilashin tare. Ba ta buƙaci gilashin ba.

Ta ce, "Shi ne. Haka yake ɗaure rawaninsa."

Mamadu ya ce, "To ai hutawa yake a nan. Direba ba ya hutawa? Canji suke yi da Baturen."

Sarjan ya ce, "Ɗana, motar gwaji ko kumandan bai isa ya taɓa sitiyarinta ba. Direbobinta daga gidan ƙerar aka turo su, kowa da littafinsa, duk inda ya canja giya sai ya rubuta. Isa ya ce ko hular mutum ta faɗa ciki, sai ya jira mai ita ya miƙo masa. Abin da ba su da shi ido ne. Ba su san rairayin da ke ɗaukar nauyi da wanda ke haɗiye mota ba, kwana uku na farko a tono suka ƙare. Shi ne suka nemi makiyaya, suka yi musu wannan kujerar a garaji. Mutum ya zauna a gaba, zafin inji na gasa masa cinya, ya karanta ƙasa, ya nuna da sanda. Inda ya nuna, nan mota take bi."

"Gari guda ya gan shi ya shigo da ita!"

"Sun gan shi. Ka tambayi kanka su wane ne suka gan shi. Mutanen da ba su san komai ba sai ayari. A ayari wa ke jan tafiya? Wanda ke gaba da sanda. Wanda ke zaune cikin inuwa an rufe shi, ai shi ne babban da aka ɗauko. Sun ga Garbai a gaba, ya nuna dama ta yi dama, ya ɗaga sanda ta tsaya. Sun ga Bature a ɗaki yana zufa. Me kake so su ce? Ba ƙarya suka yi ba, iyakar abin da suka sani ke nan."

Na so in yi dariya, na tuna da wanda ke zaune kusa da ni, na haɗiye.

Mamadu ya tashi tsaye ya sake zama. Ya ce ko da a ce bai tuƙa wannan ba, ai yana iya koya daga baya. Sarjan ya ce haka ne, shi mota ya sani, bai san mutum ba. Ya ce abin da zai iya rantsewa a kai shi ne wannan motar Garbai bai tuƙa ta ba, sai Mamadu ya faɗi wata da aka taɓa ganinsa a ciki. Shi ma Mamadu ya san amsar. Babu.

Sai ya sassauta murya. "Baba Sarjan, ranar Juma'a za a rataye hoton nan, an gaya wa kowa. Ka rubuta mana shekara kawai, ka ce kamyon soja. Sauran ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

"Ni ba zan bi gari ina shela ba. Amma in na sa hannu a takarda, abin da na gani zan rubuta. Motar gwaji mai lamba biyu, da jagoranta, Garbai. Kuma in ka tambaye ni, direba a lokacin nan ana samunsa ko'ina aka je. Wanda zai fitar da mota mai tan goma daga Bune zuwa arewa ba a tona ba, su nawa ne?"

"Ofishin direbobi muka gina, ba na jagorori ba."

Mamadu ya ɗauki makullin motarsa ya ce yana da lodi. Bai ɗauki hoton ba, bai kuma ce wa yayarsa ta taso ya sauke ta ba. Ban ga laifinsa sosai ba. Mutum ya yi shekara hamsin da wani abu ana kiransa ɗan Sofer, har ya bi sana'ar don a ce ya gaji ubansa, ba da hantsi ɗaya zai sauke wannan ba.

Muka rage mu uku. Sarjan ya fara mayar da hotunansa cikin akwati, ɗauri bayan ɗauri. Rana ta fara cin gefen tabarma.

Madam ta ce, "Baba Sarjan, me ya sa bai faɗa ba?"

"Wa ya sani, ƴata. Ƙila ranar farko ya ji daɗi. Ƙila ya faɗa aka ce tawali'u ne. Sunan da gari ya ba ka ba riga ba ce da za ka tuɓe. In ka yi shiru shekara ɗaya, ta biyu ta fi wuya."

Ta gyaɗa kai. Har yanzu hoton da Isa ya bari yana hannunta.

Ta ce, "Ya shiga motar masu allurar nan, ka sani. Ranar da Inna ta rasu. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Da maigari ya ba shi makullin bai ce a'a ba, ya karɓa ya buɗe ƙofa ya zauna. Ina tsaye a gefensa, kaina bai wuce kujerar ba. Ya riƙe makullin a dama, hagunsa yana shafa gaban motar, gefen sitiyari, ƙarƙashinsa, ya dawo ya sake shafawa. Ni na ce tunani yake yi. Na ce yana auna Inna da motar gwamnati ne, ya ga wadda ta fi nauyi."

Sarjan ya tambaye ta kamannin motar. Ta faɗa, mai rufin tamfol, da taya a kan hanci. Shi dai ba ya iya barin magana a karkace ko a gidan makoki ne.

Ya ce, "Irin waɗannan ramin makullinsu ba ya kusa da sitiyari. Yana can tsakiya, cikin maɓallin fitila, wanda bai sani ba ba zai ce rami ba ne. Ko ya samu ma ba za ta tashi ba, akwai wani maɓalli a ƙasa da sai an danna." Ya rufe akwatin a hankali. "Nema yake yi."

Wata akuya ta leƙo ta bayan bango, jikar Sarjan ta kore ta.

Sarjan ya ce, "Ya daɗe a ciki?"

"Ya daɗe. Ƴan kasuwa duk sun taru, suna ta cewa Sofer, Sofer, tada ta mana. Zufa tana ɗiga daga gemunsa a kan rigarsa." Ta ajiye hoton a kan tabarma, ta juya shi ya dubi ƙasa. "Ni kuma ina jan hannun rigarsa ina cewa, Aba, ka yi sauri."